Tsuntsun Cikin Aljihu

1 ga Janairu, 1999

Zuwa ga Auta,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kana lafiya, kai da iyalinka da aikin nan naka da ba ya barinka ka ɗaga waya sau biyu a jere. Mu nan sai godiya.

Kada ka yi dariyar kwanan watan da ke sama, ba ni na sa ba, kwamfutar Inna ce. A kanta na buga wasiƙar, firintar Baba ta fitar da ita da ƙugin nan nata mai korar kyanwar maƙwabta. Na zaɓi takarda ne don a waya katse ni kake yi. Kafin in kai aya ka ce, "Ai sai a sayi sabuwa."

Rabonka da gida shekara biyu, kuma mantuwar Inna ta wuce inda ka bar ta. Yanzu yini guda "baiwar Allah" take kirana. In na kai mata abinci ta yi min godiya har da sunkuyar da kai, ta ce Allah ya ba ni 'ya'ya masu jin ƙai. Ni da ta haifa. Ina amsawa da amin, in koma bayan ƙofa in share ido.

Amma muna da awa ɗaya. Da safe, in ta sha shayi, nakan riƙo hannunta mu shiga shago, in zaunar da ita gaban injin surfani, in danna kwamfutar. Ka tuna yadda take tashi: baƙin allo da farin rubutu, ta tsaya cak sai an danna F1. To, Inna da kanta take miƙa yatsa ta danna. Sai gajimaren nan su bayyana a allo, sai ɗan kiɗan nan ya taso a hankali kamar daga ƙarshen wani dogon soro. Kafin ya ƙare za ka ga bayanta ya miƙe. Ta juyo ta dube ni, dubawa ta gaske, ta ce, "Allura, miƙo min shuɗin zare. Yaron nan jibi zai koma makaranta, ban gama yi wa rigunansa alama ba."

Allura. Tun ina siririyar yarinya mai zura mata zare take kirana haka, kuma yau duk duniya ba mai kirana da shi sai ita, sai kuma a wannan awar.

Ta buɗe manhajar surfanin da hannunta, ta zaɓo ɗan tsuntsun nan da ta zana maka shekarar da ka shiga makarantar kwana. Ni kuma in ɗaura ƙyalle a firam. Inji na ɗinki muna hira. Ta tambaye ni ko Baba ya dawo daga sayo yadi, in ce yana hanya. Ta yi min faɗa kan ɗaurin ɗankwalina. Rana ta shigo ta taga, ƙurar zare tana yawo cikin hasken ba ta sauka, ni ma sai in ji na rasa shekarata nawa. Tsuntsayen sun haura ɗari uku yanzu. Na jera su a igiya daga bango zuwa bango, in fanka na juyawa sai su riƙa motsi duka tare.

Ga abin da ya sa na rubuto. Sati biyu ke nan cikin kwamfutar yana ƙas-ƙas kamar ana tauna ƙashi. Jiya sai a kunnawa ta uku ta tashi. Na kira mai gyaran bakin titi, ya leƙa bayanta ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce wannan ai ta girme shi, a kai ta gidan tarihi. Ban ba shi ko ruwa ba.

Kai ne injiniyan gidan. Ka zo ka duba ta tun tana numfashi. Ina jin tsoro, Auta, ban ɓoye maka ba. In ta mutu, ni ma na zama baiwar Allah har abada.

Ka gaida matarka da yara.

Yayarka

*

Talata, kwanan wata na gaskiya

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fata kina lafiya, da jikin Inna. Wasiƙarki ta iso. Abokan aikina sun yi ta zagaya takardar mai huji-huji a gefe suna shinshinawa, wani ya ce rabonsa da irinta tun yana firamare.

Kin ce ina katse ki, to yau ban katse ba, na karanta har ƙarshe sau biyu. Kuma ba zan ce a sayi sabuwa ba, don ba za ta yi ba. Bari in yi miki bayani yadda za ki gane.

Kwamfutar nan Windows 98 ce a kanta, manhajar surfanin kuma ba ta san wani gida ba sai shi. Akwai dabarar da muke yi a ofis, mu gina tsohuwar kwamfuta a cikin sabuwa, kamar a yi ɗaki a cikin ɗaki. Manhajar za ta iya zama a nan. Matsalar injin ne. Ki leƙa bayan kwamfutar, za ki ga wata faffaɗar waya mai haƙora ashirin da biyar, da wani ɗan abu kamar akwatin ashana a maƙale tsakaninsu. Wannan makullin manhajar ne, in babu shi ba ta buɗewa. Kwamfutocin yanzu ba su da bakin da zai karɓi waɗannan haƙoran. Akwai mahaɗi da ake sayarwa, na taɓa gwada wa wani mai irin injinku guda uku, injin ya yi kunnen uwar shegu da su. Kamfanin da ya yi manhajar kuwa ya daɗe da rufewa, ba wanda za a kira.

Ƙarar da kike ji faifan ciki ne, inda take ajiye komai, zanen Inna da manhajar duka. Ya kusa gajiya. Na zaga wurin masu tsofaffin kaya na samo irinsa guda biyu masu lafiya. Zan zo Juma'a in kwafe komai a kan ɗaya in sa mata. Aikin yini ɗaya ne. Kafin nan kada ki kunna ta sai don awar Inna, kuma ki daina buga min wasiƙa a kanta, kina ƙarar mata da sauran kwana.

Abu ɗaya ne bai kwanta min ba, Yaya, ki yi haƙuri in faɗa. Maganar "Baba yana hanya". Shekara goma sha ɗaya da rasuwarsa. Ni dai ina ganin babba kamar Inna ta cancanci a gaya mata gaskiya. Amma za mu yi maganar in na zo.

Ki ajiye min ɗakina, kuma ki kwashe buhunan ƙyalle daga kan gadon.

Ƙaninki,
Auta

*

Auta,

Sallama. Ina gaishe ka don an ce a yi gaisuwa.

Da hannu na rubuta wannan, ka yi haƙuri da karkacewar layi. Ba na son ganin kwanan da kwamfutar za ta sa min a sama.

Me ka yi mata ranar Lahadi kafin ka tafi?

Ranar Asabar na yaba maka, ban hana ka haƙƙinka ba. Ka sa sabon faifai, ƙarar ta ɗauke, tsuntsu ya fito lafiya. Lahadi da safe ma haka. Da yamma na gan ka ka sake kwance murfinta, na ce me kuma, ka ce ɗan ƙaramin abu ne. Ka rufe, ka ɗauki jaka.

Litinin na zaunar da Inna na danna. Baƙin allon bai tsaya ba. Ta miƙa yatsa za ta danna F1, kafin ta kai har an wuce. Yatsan ya tsaya a iska, Auta. Ta dube shi kamar ba nata ba. Gajimare suka zo, kiɗa ya yi, ta ɗan dawo, ta buɗe manhajar. Sai wani akwati mai ruwan toka ya fito a tsakiyar allo. Ɗan Turancin da na iya ya ishe ni in gane cewa wa'adin lasisi ya cika. Na duba agogon da ke lungun allo, sai ga kwanan yau, da watan yau, da shekarar yau, tas, ba kuskure.

Shekara nawa kwamfutar nan tana farkawa a rana ɗaya, wa ta tare wa hanya? Ashe ranar ce ke riƙe da ƙofar. Na mayar da agogon baya da kaina, na kashe na kunna sau ba adadi, akwatin nan na nan daram. Garin neman gira ka tsone mana ido.

Kuma ba ita kaɗai ka gyara wa kwanan wata ba. Kana tsammani ban ji ba? Ina kicin ranar Asabar da rana lokacin da ta tambaye ka ko ka haɗu da maigidanta a hanya. Ka ce, "Inna, Baba ya rasu, shekara goma sha ɗaya." Ka fita shan iska. Ni na zauna da ita. Ta yi kuka irin na ranar farko, tana tambaya wa ya yi masa wanka, me ya sa ba a kira ta ba. Zuwa la'asar ta manta dalilin kukan, amma kukan bai manta da ita ba, ta yi ta shessheƙa tana tambayata, "Baiwar Allah, me ya same ni?" Wannan ce gaskiyar da ta cancanta? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kai kwana uku ka yi.

Yau kwana tara. Kullum ina kai ta shago, don ban san abin da zan yi da safiyar ba in ban kai ta ba. Tana zama ta kalli akwatin, ta kalli tsuntsayen da ke igiya, ta ce, "Wa ya yi waɗannan? Ya iya aiki." Cin abincinta ya ragu. Ba wanda ya kira ni Allura tun ranar da ka tafi.

Shekaranjiya na yi mafarki tsuntsayen sun kwance kansu daga ƙyallayen, zare na warwarewa a bayansu, suka fice ta taga ɗaya bayan ɗaya. Na bi su da gudu ina tattara zaren, hannuna ya cika, amma ban kama ko ɗaya ba.

Kada ka zo. In kana da magani ka aiko shi.

Ka manta farar rigarka a kan igiyar shanya.

Yayarka

*

Zuwa ga Yaya,

Ina gaishe ki, ina gaida Inna, in har gaisuwata na da wurin zama a gidan yanzu.

Laifina ne, ba kwana-kwana. Akwai ɗan batir a cikinta, kamar maɓallin riga, shi ke riƙe mata lissafin kwanaki in an kashe ta. Nata ya mutu tun tuni, shi ya sa kullum take farkawa a ranar da aka haife ta, ta tsaya tana tambaya a danna F1. Na sa mata sabo, na saita kwanan. Lasisin da Baba ya saya na 'yan shekaru ne, batirin ya mutu kafin su cika, don haka manhajar ba ta taɓa sanin sun wuce ba. Ranar Litinin ta sani. Irin waɗannan kuma in suka ga ranar sau ɗaya, sukan rubuta a wani lungun faifai, ko an mayar da agogo ba sa yarda. Na san da haka, Yaya. A ofis ni nake gargaɗin yara a kai. Ban tsaya na yi tunani ba ne kawai.

Ko kuwa in ce ban so in yi ba. Tun da na karanta wasiƙarki nake juya abin, bari in gaya miki abin da ban gaya wa matata ba.

Ranar Asabar da safe ina durƙushe bayan kwamfutar, Inna ta farfaɗo, ta kira ki Allura. Na ɗago kai ina jira. Ta dube ni ta ce, "Sannu da aiki, mai gyara. Ka yi a hankali, kayan ɗana ne a ciki." Ta yi ta ba ni labarin ɗan nata, wai yana da ƙoƙari amma ba ya cin abinci sosai, wai yana tsoron duhu amma ba ya so a sani. Awa guda ina gabanta tana kewar yaro ɗan shekara goma sha biyu. Ke tana ganinki a awar nan. Ni ko a cikinta babu ni. Kishi na ji, na wani yaro da ni ne shi. Na so in jawo ta zuwa yau da ƙarfi, ko za ta same ni a nan. Abin da na faɗa mata game da Baba daga nan ya fito, batirin ma haka.

Akwai kuma wani abu. Tsuntsun nan, a makaranta tsokanata ake yi da shi, har suna suka sa min. Duk farkon zango nakan zauna bayan ɗakin kwana da reza in tsinke shi daga aljihun kowace riga. Da na shiga shago na ga ɗari uku a igiya, sai da na dafa bango.

Yanzu maganin. Tsohon faifan, mai ƙas-ƙas, yana jakata, na ɗauko shi ne in jefar. Shi bai ga sabon kwanan ba, a wurinsa har yanzu ranar Juma'ar da na cire shi ce, wato ɗaya ga Janairu. Na ɗauki hutu na zauna da shi. Wancan karon ya ba ni komai cikin awa biyu, wannan karon kwana uku muka yi. Ya karanta kaɗan ya tsaya, in kashe, in sa masa fanka ya huce, in lallaɓa shi kamar mai ba majinyaci ruwa da cokali. Wasu wurare sun ƙi karantuwa sam. Da ya kai ƙarshe ya yi wata 'yar ƙara ya yi shiru, bai sake juyawa ba. Ban sani ba ko tsuntsun yana cikin abin da ya tsira, don ba ni da makullin da zan buɗe in gani.

Na ba direban motar safe faifai na biyu, a naɗe cikin tawul. Ki bi wannan daki-daki. Ki zare wayar wuta. Ki kwance murfin, sukurori huɗu ne. Kafin ki taɓa komai, ki nemo batirin nan mai sheƙi ki ɓanɓare shi da bakin almakashi. Ki bar ta haka rabin awa, sai ta manta sarai. Sannan ki cire faifan da ke ciki ki sa wannan, jan layin faffaɗar wayar da ke shiga faifan yana kallon wajen 'yar wayar wutar faifan. In kin kunna kika ga baƙin allo ya tsaya yana jira, to mun dace da rabi.

Sauran rabin ba a hannuna yake ba. Faifai na ajiye kwafinsa a nan, ko ya lalace zan sake miki wani. Inna ce ba mu da kwafinta, kuma sati uku ba kwana uku ba ne.

Ki yafe min in kin iya. Rigar ki yi tsumma da ita.

Auta

*

1 ga Janairu, 1999

Zuwa ga Auta,

Gaisuwa da fatan alheri. Ka ga kwanan da ke sama, ba sai na ce komai a kansa ba.

Na yi yadda ka ce. Batirin ya yi tsalle ya shige ƙarƙashin kabad, na bar shi can, nan ya dace da shi. Rabin awar nan na zauna gabanta ciki a buɗe, ina kallon ƙura a kan fankarta, ina cewa a raina, manta, 'yar uwa, manta. Na kunna, baƙin allo ya tsaya. Furannin Inna da yawa sun tafi, da haruffan nan masu lanƙwasa da take yi wa amare a matashin kai. Tsuntsun yana nan, ko gashi ɗaya bai zube ba.

Amma Inna ba ta miƙa yatsa ba. Ranar farko ta kalli allon kamar bango. Na danna mata, gajimare suka zo, kiɗa ya yi ya ƙare, ta ce, "Baiwar Allah, ina jin sanyi." Rana ta biyu haka. Ban rubuto maka ba don ban san me zan ce ba.

Rana ta uku na zauna da kaina na buɗe tsuntsun, na ɗaura ƙyalle. Hankalina ba ya jikina, na ɗauko zaren da hannuna ya fara taɓawa na zura. Inji ya fara. Ya yi baki, ya yi kai, ya gangaro wuya. Sai na ji an buge min hannu.

"Allura! Ja? Shuɗi na ce miki! Ke kam sai yaushe za ki yi hankali?"

Ban taɓa jin daɗin faɗa irin na ranar ba. Na ce ta yi haƙuri, ina dariya hawaye na zuba a kan firam, ta ce in matsa kada in ɓata mata yadi.

Ba zan yi maka ƙarya ba, awar ba ta dawo duka ba. Minti ashirin ne yanzu, wata rana ƙasa da haka, kuma jiya ba ta zo ba sam. Na yi fushi da kai a kan minti arba'in ɗin nan, mai yiwuwa in daɗe ina yi. Amma na karanta wasiƙarka, kuma ban taɓa tunanin yadda abin yake daga bayan kwamfutar ba. Na yafe. Ka zo.

Ban yi tsumma da rigar ba. Yau da safe ta gan ta a kan kujera ta ce ta yaron ce, wai ya aka yi ya yi girma haka ba a gaya mata ba. Ta sa na juya ta, ta yi aikinta, sannan ta ce in buga maka wasiƙa. Ga ta nan yadda ta faɗa, ban ƙara ban rage ba. Rigar na cikin ƙunshin da na haɗo da wasiƙar nan.

Yayarka,
Allura

*

1 ga Janairu, 1999

Auta na,

Ina gaishe ka. Yaya karatu? Ina fata kana cin abinci, ba ka ba abokai kana kallo ba.

Ga riga nan. Ka wanke ta da kanka, kada ka jiƙa ta da masu zuba.

Na san kana cire tsuntsun. Duk hutu ina ganin ramukan allura a aljihu, da inda reza ta ci yadin. Ban gaya wa Babanku ba. Na san yara da baki. Amma tufafi ba alama ɓata suke yi, ni kuma ina so in san wani abu nawa yana jikinka. Wannan karon na sa shi ta ciki, a bayan aljihu, ba mai gani sai kai. In ka ga dama ka bar shi.

Wani mai gyara ya zo mana kwanaki. Mutumin kirki ne, amma da damuwa a fuskarsa. Yana da goshin Babanku. Na so in tambaye shi ko yana da uwa, kunya ta hana ni.

In an kashe fitila kada ka ji tsoro, duk abin da ke nan da rana shi ne dai.

Allah ya yi maka albarka.

Innarka

*

1 ga Janairu, 1999

Zuwa ga Inna,

Ina gaishe ki da kyau. Karatu lafiya, kuma ina cin abinci.

Riga ta iso, ta yi min daidai. Na ga tsuntsun. Ban cire ba, ba kuma zan cire ba.

Ki gaida Baba in ya dawo.

Mai gyaran nan zai sake zuwa ranar Juma'a. Ba abin da zai taɓa. Ki bar shi ya zauna kusa da ke in kina ɗinki, Inna. Ni na aiko shi.

Ɗanki,
Auta